Shiga kwamfuta daga nesa ta bayan fayawol mai NAT

NAT dabara ce da rauta ke amfani da ita wajen ɓoye duk na'urorin netwok ɗaya a bayan adireshin IP guda. An bayyana ta a takardar ƙa'idar intanet mai lamba RFC 1631 a 1994, lokacin da aka hango adireshin IPv4, da ba su wuce biliyan 4.3 ba, za su ƙare. Na'urorin ciki adireshin cikin gida suke ɗauka irin su 192.168.x.x, 10.x.x.x ko 172.16 zuwa 172.31, intanet ma bai san da zamansu ba. Fita ba wata damuwa, rauta na rubuta wanda ya fita da fot ɗin da ya bi, wato lambar ƙofar da saƙo ke bi, don ya maido masa amsa. Shigowa ce rigimar, saƙon da ba wanda ya gayyata in ya iso rauta bai san wa zai miƙa wa ba sai kawai ya watsar.

Maganin da aka saba shi ne tura fot, wato a ce duk abin da ya zo ta 22 na SSH ko 3389 na RDP ko 5900 na VNC a kai wa kwamfuta kaza, dukkansu ukun hanyoyin shiga kwamfuta daga nesa ne. Toh amma a wasu fayawol, wato mai gadin da ke tace saƙonnin shiga da fita, dokar turawa daban ta izinin wucewa daban, mutum zai saita ɗaya ya manta ɗayar ya zauna yana mamaki.

Irin kuskuren da ya fito ma labari ne. In an ƙi haɗin nan take, yawanci saƙon ya isa wani wuri amma ba manhajar da ke saurare, wani lokacin tana saurare ne a 127.0.0.1 kaɗai, adireshin da kwamfuta ke magana da kanta. In kuma shiru ne har lokaci ya ƙare, akwai mai haɗiye saƙon a hanya, ko fayawol ɗin kwamfutar kanta, ko DHCP mai raba adireshi kai tsaye ya sauya mata adireshi dokar na nuna inda ba kowa, ko getwe ɗinta, wato adireshin rautar da take fita ta kansa, ba daidai ba amsa ta rasa hanyar komawa. Ana kunna tcpdump, manhajar leƙa saƙonnin da ke wucewa, a ɓangaren waje da na ciki na fayawol ɗin a ga inda saƙon ya tsaya. Gwajin kuma daga waje ake yinsa fa, rauta da yawa ba sa iya juyo da saƙon ciki in ya nufi adireshinsu na waje.

Wanda ya fi cin lokacin mutane shi ne CGNAT, inda kamfanin intanet ke yin nasa NAT ɗin a sama da naka. Alamarsa adireshin waje na rauta ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, zangon da RFC 6598 ya ware a 2012, ko ya bambanta da wanda shafukan duba IP ke nunawa. Anan ko fot nawa ka tura aikin banza ne, sai dai a nemi adireshin waje daga kamfanin, ko a koma IPv6, sabon tsarin adireshi mai yalwa, ko kwamfutar ciki ita ta fara buɗe hanya zuwa wata saba a waje ta VPN irin WireGuard ko kuma ta umarnin ssh -R, sai a biyo ta nan a shigo.