Kyamara ta gani, alƙali ya ce ba shi da hurumi: dokar alƙalanci a sofbol na jami'o'in Amurka

A farkon watan Yunin 2025, a birnin Oklahoma, 'yan matan jami'ar UCLA na gab da ficewa daga gasar ƙarshe ta sofbol ta jami'o'in Amurka. Tennessee na gaba da ci 4 da 2 a zagaye na bakwai, wanda shi ne na ƙarshe. Sai Megan Grant ta narka wa ƙwallo sanda, ta tsallake shinge, maki biyu suka shigo, wasa ya dawo ɗanye. Cikin murna da tsalle ta wuce farantin gida, wato tashar ƙarshe da sai an taka ta ake rubuta maki, ba ta taka ba, sai da wata abokiyar wasanta ta ja hankalinta ta koma ta taka. Duk wanda ke gaban talabijin ya gani, don an yi ta maimaita hoton. Kociyar Tennessee, Karen Weekly, ta kai ƙorafi. Aka dakatar da wasa fiye da minti goma, sannan alƙali ya sanar cewa gaskiya ne ba ta taka ba, gaskiya ne kuma an taimaka mata, amma wannan ba ya cikin abubuwan da doka ta yarda a warware da bidiyo. Makin ya zauna.

Wanda ya saba da VAR a ƙwallon ƙafa zai ce wannan wace irin magana ce. Amsar tana cikin kundin dokokin hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka.

Ga wanda bai san wasan ba: sofbol ƙanwar besbol ce. Mai jifa tana tsayawa ƙafa 43 daga mai bugu, ta wulwula hannu ta saki ƙwallon ta ƙasa. Tashoshi huɗu ne, ƙafa 60 tsakanin kowace da ta gaba, kuma sai 'yar wasa ta zagaye su duka ta taka ta ƙarshe, wato gida, ake rubuta maki. Zagaye bakwai ake yi, sai dai idan wata ƙungiya ta ba da tazarar maki takwas bayan zagaye biyar, nan a tashi.

An shigar da duba bidiyo cikin kundin ne daga kakar 2022, kuma an ɗaure shi tamau. A kakar 2025, kowane babban koci yana da damar ƙalubalantar hukunci sau biyu a wasa, cikin daƙiƙa 30 da faruwar abin. Shugaban alƙalai kuma zai iya neman a duba da kansa daga zagaye na shida. Abu mafi muhimmanci shi ne akwai jerin abubuwan da aka lissafa a ƙarshen kundin, waɗanda su kaɗai bidiyo ke da ta cewa a kansu: ko ƙwallo ta faɗa cikin fili ko wajen layi, ko an cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, ko mai gudu ta riga ƙwallo isa tasha, da makamantansu. Abin da ba ya cikin jerin, ko hoton ya fito fes kamar rana, hukuncin da aka yanke a fili shi ne ke tsayawa. Wanda ke cikin jerin ma ba a sauya shi sai hoto ya nuna kuskure ƙarara.

Jifa mai kyau da marar kyau ba ta cikin jerin. Wannan na alƙalin da ke tsugune bayan mai cafe (wadda ke karɓar jifa a bayan mai bugu) ne shi kaɗai. Iyakar da doka ta shata ita ce saman farantin gida, daga ƙasan ƙashin ƙirjin mai bugu zuwa saman gwiwarta, a tsayuwar da ta saba yi. Ke nan iyakar tana canzawa daga doguwa zuwa gajera, kyamarar da ke can bayan mai jifa kuwa sau da yawa a ɗan karkace take. Mai kallo a gida ya rantse ƙwallo ta fita, alƙali ya ce ta shafi gefe.

Dokar da ta fi jawo cacar baki ita ce ta tare hanya, ita kuwa tana cikin jerin. A yadda aka yi aiki da ita a 2024 da 2025, mai tsaro da ba ta riƙe da ƙwallo ba ta da ikon toshe ko da wani ɓangare na bakin tashar da mai gudu ta nufa. In ƙwallon na hannunta, ta toshe yadda take so. In jifar da aka yi mata ce ta karkace har ta ja ta kan hanya, ba laifi. In kuma alƙali ya ga mai gudun ko ta yaya ba za ta kai ba, sai ya kau da kai. Idan ya ga laifin, yakan miƙe hannun hagu gefe a dunƙule, ya bar wasa ya ci gaba, sai an gama ya yanke. Manufar ita ce rage karo da raunuka, musamman a gida, inda mai gudu ke zuwa da ƙarfinta duka. Matsalar ita ce da bidiyo ya shigo, sai aka koma auna inda tsinin takalmi ya sauka.

Haka ta faru a wasan farko na ƙarshen gasar 2025 tsakanin Texas da Texas Tech. A zagaye na biyar, babu ci, 'yar Texas Tech ta ruga tasha ta biyu. Mai cafen Texas, Reese Atwood, ta jefa ƙwallo ta riga ta isa, alƙali ya ce mai gudun ta fita, wato ta rasa damarta. Kocin Texas Tech, Gerry Glasco, ya ƙalubalanta. Bidiyo ya nuna ƙafar mai tsaro tana bakin tasha kafin ƙwallo ta shiga hannunta, aka juya hukunci, kuma wannan mai gudun ce ta ci makin farko. A ganina an bi harafin doka, amma da wuya a ce an tare wa kowa hanya a wannan wasan.

Nan aikin masu sharhi ke da nauyi. ESPN ta daɗe tana ɗora Beth Mowins a kan wannan gasa, tare da Michele Smith da Jessica Mendoza, dukansu biyun masu lambar zinare ta Olamfik, Smith a 1996 da 2000, Mendoza a 2004. Sun san wasan ciki da bai. Sai dai tsohuwar 'yar wasa tana magana ne da idon wadda ta taka fili: ta ga jifa mai kyau, ta ga an riga mai gudu, ta ce wannan fita ce. Alƙali kuwa tambayoyinsa daban ne. Shin abin yana cikin jerin? Ƙwallo na hannu lokacin da ƙafa ta sauka? Ga shi kundin jami'o'i ya sha bamban da na makarantun sakandare da na gasar duniya, kuma ana sabunta shi duk shekara biyu, don haka abin da mai sharhi ta sani a zamaninta ba lallai shi ne na bana ba. Idan ka ji an ce alƙali ya yi kuskure, ka saurara ko an faɗi wace doka ce ya saɓa, ko kuwa dokar ce kanta ba ta yi wa mai maganar daɗi ba.

Wasannin biyu dai ba su ƙare yadda hukuncin ya nuna ba. Tennessee ta doke UCLA 5 da 4 a zagaye na tara, bayan ƙarin zagaye biyu saboda kunnen doki. Texas kuma ta farke a zagaye na shida: mai jifar Texas Tech, NiJaree Canady, na ƙoƙarin ba Atwood tasha kyauta da gangan, abin da a dokar jami'o'i sai an yi jifa huɗu marasa kyau a zahiri, sai jifa ta huɗu ta matso kusa, Atwood ta buga, maki biyu suka shigo. Texas ta ci 2 da 1, kwana biyu bayan nan ta ɗauki kofinta na farko.