Barde Mai Dariya (zanen Frans Hals)

Barde Mai Dariya hoto ne da mai zane Frans Hals na garin Haarlem a ƙasar Holan ya zana da fentin mai a shekarar 1624. Turawan Ingila na kiransa Laughing Cavalier, sunan da aka laƙaba masa a ƙarni na 19, kuma bai dace da shi ba ta kowace fuska. Babu wata shaida cewa mutumin barde ne, sannan ba dariya yake yi ba. Bakinsa a rufe yake, gashin bakin da ya murɗe sama ne ke sa mai kallo ya ga kamar murmushi.

Rubutun Latin da ke saman hoton ya nuna shekarunsa 26, amma bai faɗi sunansa ba. Masanin tarihin zane Pieter Biesboer yana ganin Tieleman Roosterman ne, wani attajirin ɗan kasuwar yadi a Haarlem wanda Hals ya zana a 1634.

A wancan zamani attajiran Holan sun fi son a zana su cikin baƙaƙen kaya, alamar kamun kai, ko da yake baƙin rini mai kyau shi ma ba na talaka ba ne. Wannan saurayi kuwa ya fito da ado tsantsa. Ya karkata baƙar malfa mai faɗi, ya riƙe ƙugu, farin leshi ya rufe masa wuya da wuyan hannu, ga ƙotar takobi mai ruwan zinariya tana leƙowa. Hannun rigar ne abin kallo. An cika shi da surfani na ja da rawaya da fari: ƙudan zuma, kibau, harsunan wuta, ƙulle-ƙullen masoya, da sandar Mercury, abin bautar Rumawa mai kula da fatauci. Yawancin alamomin na soyayya ne da zafinta, shi ya sa wasu ke ɗaukan hoton neman aure ne.

Daga nesa leshin kamar an ƙirga zarensa ɗaya bayan ɗaya. Idan aka matso, sai a ga shafe-shafen burushi ne cikin hanzari. Hals ya kuma zana shi daga ƙasa, don haka shi ke kallon mutum daga sama, da ɗan jin kai.

A 1865 aka yi gwanjonsa a Paris, inda basaraken Ingila Richard Seymour-Conway, Marquess na Hertford na huɗu, ya kayar da attajirin banki James de Rothschild da kuɗin Faransa faran 51,000, kuɗin da ya taimaka wajen farfaɗo da sunan Hals, wanda ya rasu a 1666. Yanzu yana gidan tarihi na Wallace Collection a Landan.