Principal da Principle

Principal da principle kalmomi biyu ne na Turanci da ake furta su iri ɗaya sak, amma sun sha bamban a rubutu da ma'ana. Dukansu daga Latin suka fito, suka shiga Turanci ta hanyar tsohon Faransanci, kuma tushensu guda ne: princeps, wato na farko ko na kan gaba. Principal ta biyo ta principalis, mai nufin abin da ya fi muhimmanci, ita kuwa principle ta biyo ta principium, wato mafari.

Principal tana zuwa a matsayin suna, tana kuma zuwa a matsayin sifa. A Zariya, garin makarantu, ma'anarta da aka fi sani ita ce shugaban makarantar sakandare, irin na Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921 ta dawo Zariya a 1949. Daga wannan ma'anar Hausa ta aro firinsifal. A harkar bashi kuwa tana nufin uwar kuɗi, ainihin abin da aka ranta kafin a ɗora ruwa, shi ya sa harafin P ke wakiltarta a darasin lissafin kuɗin ruwa. Idan wani ya ranci naira 50,000, wannan 50,000 ɗin ita ce principal. Lauyoyi kuma suna kiran mutumin da ya naɗa wakili da wannan suna.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne wurin sifa. Duk lokacin da ake nufin babba ko mafi muhimmanci, principal ake rubutawa. Manyan jami'an Jami'ar Ahmadu Bello, irin su shugaban jami'a da magatakarda da ma'aji, principal officers ne. Wanda ya rubuta principle officers a takardar ofis ya yi kuskure, kuma sau da yawa manhajar duba rubutu ta kwamfuta ba ta ja masa layi, tunda kalmar da ya rubuta tana cikin ƙamus.

Principle suna ce kawai, ba ta taɓa zama sifa. Tana nufin ƙa'ida, ko tushen da aka gina wani ilimi a kansa, ko aƙidar da mutum ya tsaya a kai. Ita ce ke cikin sunayen kwasa-kwasai irin su Principles of Economics, ita ce kuma ke cikin taken babi na 2 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, inda aka jera manufofin da gwamnati za ta bi. In principle na nufin an amince da abu a dunƙule, saura bayani dalla-dalla. On principle kuwa na nufin mutum ya yi abu ko ya ƙi yi don aƙidarsa.

Wajen tuna rubutun kalmomin, Bahaushe yana da wata dama da Bature ba shi da ita, kuma ya kamata malamai su riƙa amfani da ita a aji: firinsifal ta ƙare da fal, daidai da pal ɗin principal.