Alamomin addini a tsofaffin zanen cocin Turai: tambayoyin da na gaji da amsawa

Me ya sa bayan hoton duk zinariya ne?
Don ba duniya aka zana ba. Hasken sama ake nufi.

Faifan da ke bayan kawunansu fa?
Alamar tsarki ce, ba hula ba. Idan mai kusurwa huɗu ne, kamar a wasu cocin Roma na ƙarni na 9, mutumin yana raye lokacin aikin.

Wani ya fi gida tsawo. Ba su iya zane ba ne?
Haba! Sun iya. Girman mutum a hoto girman matsayinsa ne. Tun wajen shekara ta 600 Paparoma Gregory na Ɗaya ya rubuta cewa hoto shi ne karatun wanda bai iya karatu ba.

Zan iya gane mutum da launin tufafinsa?
To, nan sai a hankali. Galibi Maryamu shuɗi take sawa a zanen Italiya, saboda shuɗin mai kyau daga dutsen Badakshan na Afganistan ake niƙa shi, da tsadar gaske, ba kowa ake shafa wa ba. Amma masu zanen Rumawan Gabas jan mayafi mai duhu suke ba ta, kuma mai zane Jan van Eyck ya sha sa mata ja. A zanen Giotto da ke birnin Padua na Italiya, na wajen 1305, Yahuza da ya ci amanar Yesu yana sanye da ruwan ɗorawa, sai mutane su ɗauka ko'ina haka ne. Alhali Bitrus, babban almajirin Yesu, shi ma yakan yafa wannan launin. Ga kuma tsufa: shuɗi mai araha kan koma kore ko baƙi, fuska kan yi kore idan fentin sama ya koɗe na ƙasa ya fito. Kada ka damu, har masana suna saɓani a nan. Ni dai hannu nake fara dubawa: makullai Bitrus, takobi yawanci Bulus. Na ce yawanci, don wasu da aka fille wa kai ma suna riƙe da shi.

Zaki da sa da gaggafa?
Alamomin marubuta Linjila ne: zaki Markus, sa (wato bijimi) Luka, gaggafa Yohanna. Mutum mai fukafukai Matiyu ne.

Da gaske akwai Larabci a wasu zanen?
Kwaikwayon haruffa ne daga yadudduka da tasoshin ƙasashen Musulmi, kamar a zanen 1423 na wani ɗan Italiya mai suna Gentile da Fabriano. Yawanci ba ya karantuwa, ku daina turo min ku ce in fassara.