Abin da doka ta hana a gandun dajin Gashaka Gumti

Gashaka Gumti, da ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa har ya jingina da iyakar Kamaru, shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, babu wanda ya kai shi a ƙasar nan. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, yanzu kuma dokar hukumar gandun daji ta 1999 ce ke tafiyar da shi.

Dokar ba ta yi rufa-rufa ba. Shiga sai da izini. Farauta, kamun kifi, saran itace, cinna wuta, haƙar ma'adinai, shiga da bindiga ko tarko, duk laifi ne. Haka ma kora dabbobi ciki domin kiwo. Ma'aikatan gandun suna da ikon kama mai laifi, su ƙwace kayan da ya shigo da su, a kai shi kotu.

Da yawa suna ɗauka don birai da ɓauna kawai aka yi wannan tsanani. A ganina ruwa ne babban dalili. Dazuzzukan da ke kan duwatsun nan su ke riƙe ruwan damina, su sake shi sannu a hankali zuwa kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. In aka sare madobiya, aka ƙone gangare, manomin rani da masuncin da ba su taɓa ganin gandun ba su ne za su fara ji a jikinsu.

Inda maganar ta fi sarƙaƙiya shi ne kiwo. Akwai Fulani da manoma da gandun ya tarar a kan tuddai irin su Chappal Hendu. Ba a tashe su ba, an keɓe musu yankuna su zauna, su yi noma da kiwo a cikin iyaka. Wannan adalci ne, ina goyon bayansa. Amma sassaucin na mazauna ne. Makiyayin da ya gangaro da garkensa daga nesa lokacin rani ba ya cikinsa, shi ma mazaunin da shanunsa suka tsallake iyakar da aka shata masa ya faɗa cikin laifi.