Gidajen Gungumen Itace na Adirondack

Gidajen gungumen itace na Adirondack, waɗanda aka fi sani da Great Camps, gidajen hutu ne da attajiran Amurka suka gina a dazukan tsaunukan Adirondack, a arewacin jihar New York, daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20. Idan zafi ya matsa a birane, sai su kwashe iyali da barori su tare a bakin tafkuna, ba sa komawa sai iska ta fara sanyi.

Littafin da wani malamin coci, William H. H. Murray, ya wallafa a 1869 ne ya fara jawo hankalin mutanen birni zuwa dajin, sannan layin dogo ya isa garin North Creek da ke yankin a 1871, tafiya ta yi sauƙi. Amma wanda ya kafa salon ginin shi ne William West Durant, ɗan mataimakin shugaban kamfanin jiragen ƙasa na Union Pacific. A 1877 ya fara ginin Pine Knot a bakin tafkin Raquette, yana kwaikwayon gidajen tsaunukan Suwizalan. Bayansa ya gina Uncas da Sagamore. Uncas ya koma hannun J. P. Morgan, Alfred Vanderbilt kuma ya sayi Sagamore a 1901. Shi Durant bai kwashe da daɗi ba: bashi ya yi masa katutu, ya ƙare da karayar arziki.

Kusan duk kayan ginin daga dajin ake samo su. Ana jera gumagumai kwance, wani kan wani, a sassaƙe bakinsu su kama juna a kusurwa, sau da yawa ba a ma ɓare su. Murhun ɗumama ɗaki da duwatsun wurin ake ɗora shi. A wasu ɗakunan farin ɓawon itacen birch ne ke rufe bango, shingen baranda kuwa karkatattun rassa ne da aka bar su yadda Allah ya halicce su. Ba gini guda ake yi ba: ɗakin kwana daban, na cin abinci daban, kicin daban, rumfuna suna haɗa su. Babban dalili tsoron gobara ne, don idan wuta ta kama ɗaya kada ta cinye sauran.

Kamannin zaman daji dai na ganin ido ne. A Sagamore akwai wutar lantarki da ruwan famfo, har da zauren wasan bowling (wasan gangara ƙwallo don kayar da sanduna), ga ma'aikata birjik da nasu rukunin gidaje a gefe. A 1926 Shugaban Amurka Calvin Coolidge ya yi hutunsa na lokacin zafi a White Pine Camp, ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje, daga can yake gudanar da mulki.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tsadar kula da gidajen ta sa magada suka riƙa rabuwa da su. Yanzu Sagamore yana karɓar baƙi, Santanoni kuma, wanda ɗan banki Robert Pruyn ya gina kusa da Newcomb, mallakin jihar New York ne.