Haɗa fakiti da adireshin bogi ta ɗanyen soket

Haɗa fakiti da adireshin bogi, abin da masana sadarwa suke kira IP spoofing, shi ne mutum ya gina fakitin bayanai, wato ɗan ƙullin saƙo da na'urori suke turawa juna a intanet, da kansa sannan a gurbin mai aikawa ya rubuta adireshin wata na'ura daban. Dabarar tana aiki ne saboda tun da aka fitar da ƙa'idar IPv4 a takardar RFC 791 a 1981, rauta, wato na'urar da take tura fakiti gaba a hanya, abin da ya dame ta kawai shi ne ina fakitin za shi, daga ina ya fito kuwa ba ruwanta.

Kan fakitin IPv4 aƙalla bayit 20 ne, a ciki akwai gurbi biyu masu bit 32 kowanne, ɗaya na mai aikawa ɗaya na mai karɓa. A al'ada ai manhaja ba ta taɓa wannan wajen, ita dai ta miƙa saƙonta, tsarin na'urar ne yake cike sauran. To ɗanyen soket shi ne ƙofar da take ba manhaja damar rubuta kan da hannunta, a Linux ana buɗe shi da SOCK_RAW sai a kunna IP_HDRINCL, ma'ana kai ne za ka kawo kan fakitin. Duk da haka tsarin yana cike maka tsawon fakitin da lambar tantancewa ta IP, amma adireshin mai aikawa in dai ba sifiri ka bari ba abin da ka rubuta shi zai fita. Lambar tantancewa ta TCP ko UDP, ƙa'idoji biyu na ɗaukar saƙo a cikin fakitin, kuma kai za ka lissafa, kuma adireshin bogin yana cikin lissafin, nan ne masu koyo suka fi shan wahala don in ka kuskure mai karɓa zai jefar da fakitin shiru ba ko gargaɗi. Sai kana da ikon root, wato cikakken iko a kan na'urar, ko izinin CAP_NET_RAW kafin a bar ka. Microsoft kuwa tun Windows XP SP2 a 2004 ta toshe tura TCP ta ɗanyen soket da kuma UDP mai adireshin bogi.

Babban abin lura, amsa ba ta dawowa wajenka, can take tafiya wajen mai adireshin da ka ara, kuma wannan shi ya tsara duk yadda ake amfani da dabarar. A TCP sai an yi musabaha mai mataki uku, sabar za ta turo wata lamba da dole ka mayar mata, kai kuma ba ka gani ba, sai dai ka yi canki. Robert Morris ya nuna a 1985 cewa lambobin 4.2BSD, wani nau'in tsarin Unix, suna da sauƙin hasashe, Steve Bellovin ya faɗaɗa maganar a 1989, sannan ranar Kirsimeti ta 1994 aka yi amfani da ita aka shiga kwamfutocin Tsutomu Shimomura, harin da aka danganta da Kevin Mitnick. Yanzu da ake yamutsa lambobin wannan hanyar kusan ta mutu.

Inda abin yake da ƙarfi har yau shi ne wajen da maharin bai ma buƙatar amsar. A 1996 an durƙusar da kamfanin intanet na Panix a New York da ambaliyar SYN, wato saƙon farko na musabahar TCP, daga adireshin ƙarya. UDP kuma ya fi muni tunda babu musabaha, sai a tura ƙaramar tambaya zuwa sabobin DNS masu fassara sunayen shafuka ko na NTP masu ba da lokaci, da sunan wanda ake son cutarwa, su kuma su yi ta jibga masa manyan amsoshi bai san hawa ba bai san sauka ba. Haka aka yi wa Spamhaus, ƙungiyar yaƙi da saƙonnin banza, a 2013, haka kuma GitHub, shafin ajiyar manhajoji, a Fabrairun 2018 ta sabobin memcached masu ajiyar bayanai na ɗan lokaci, inda harin ya kai terabit 1.35 a daƙiƙa.

Ba duka ne ɓarna ba fa, masu gwajin tsaro suna amfani da manhajoji irin su Scapy ko hping3 a kan na'urorinsu don ganin ko katangar tsaro tana tace abin da ya kamata.

Maganin an daɗe da saninsa, takardar BCP 38 wato RFC 2827 ta 2000 ta ce kamfanin intanet ya duba duk fakitin da ya fito daga abokin hulɗarsa in adireshin ba daga rukunin da aka ba shi ba ne ya watsar. Matsalar dai wanda ya yi tacewar wasu yake karewa ba kansa ba, shi ya sa wasu kamfanonin suke jan ƙafa, kuma cibiyar CAIDA tana da shiri mai suna Spoofer da yake auna waɗanne hanyoyin sadarwa ne har yanzu suke barin irin wannan fakitin ya wuce.